Hannun Da Ya Zaɓa

Bazara ta kai maƙura ranar da aka zo wa Sufeto Aƙilu Jumare da labarin cewa bindiga ta kashe ɗan sanda a Ƙofar Gayan. Yana zaune a ofis ya cire takalmi, fankar sama ta tsaya tun safe don an ɗauke wuta. Ya tambayi wanda ya yi harbin, aka ce masa ba kowa, bindigar da ke hannun mamacin ce.

Ya mayar da takalmansa a hankali. Ya haura shekara ashirin yana aikin nan, mamaki ya daɗe da ƙare masa. In an kawo masa labari, sai dai ya laluba aljihu ya nemi makullin babur ɗinsa ƙirar Basfa. Motar ofis kuwa ta daɗe a kan duwatsu, wai ana jiran taya daga Kaduna.

Abin da ya tarar ba shi da wani tsawo. Bijimi ne ya tsinke igiya a hannun mahauta, ya faɗa lungu yana watsa kayan talla, har ya tunkuyi wata tsohuwa. Kurtu Ƙasimu yana sintiri a wajen, jama'a suka yi ca a kansa ya harba. Ya ɗaga bindiga ya ja kunama, sai ta fashe masa a fuska. Bijimin kuma daga baya mahauta suka kama shi da igiya, yadda da ma ya kamata a yi tun farko.

An lulluɓe gawar da zane a gindin katanga. Sufeto ya ɗaga zanen, ya mayar. Yaro ne mai sanyin hali, wanda in ya gaishe ka sai ka ji kamar haƙuri yake ba ka.

Bindigar tana yashe a ƙasa. Siten ce, gajeriyar nan mai ɓarin wuta, wadda gidan harsashinta ke fitowa ta gefe. Tun yaƙin Bama ake da irinta, soja suka gama morarta suka miƙa wa 'yan sanda. Bakin wannan ya tsage kamar kara, kuma a cikin tsagar Sufeto ya ga sawun guduma. Lambar gwamnati tana jikinta, amma haruffan sun ɗan karkace. An naɗe mariƙinta na katako da wani tsumman atamfa. Da ya riƙe ta sai ya ji ba ta zauna masa a hannu ba, bai dai tsaya neman dalili ba. Ya jefa ta a buhu ya ɗaure a bayan Basfa.

Kafin ya isa ofis har Di-fi-o, wato shugaban ofishin, ya riga ya gama nasa binciken daga kan kujera. Bindigar ba ta gwamnati ba ce, ƙirar gida ce aka kwaikwaya. Ƙasimu ne ya fi kowa fita da ita. Saboda haka shi ya sayar da ta gaske ya kawo jabu, alhakinsa kuma ya kama shi. Za a rubuta haka a aika hedikwata, a kore shi daga aiki yana kabari, a rufe magana.

Sufeto ya roƙi a ɗan dakata masa. Di-fi-o ya ce zai dakata zuwa ƙarshen mako, ba don komai ba sai don mai buga tafireta ya tafi biki.

Mai kula da sito na makamai shi ne Saje Adamu Jalo, tsohon soja, wanda ritayarsa ta ƙarato. Shi da Sufeto sun daɗe tare, kowace safiya goro ɗaya suke rabawa. Yau ma da Sufeto ya shiga siton sai Saje ya ciro goro, ya ɓare shi da ragowar yatsun da yaƙin basasa ya bar masa, ya miƙo rabi.

"Saje, kai ka ba shi bindigar yau?"

"Ni na ba shi, ranka ya daɗe."

"Ka duba ta?"

"Yadda na saba."

"Ba ka ga ta canza ba?"

"Ido ya tsufa, ranka ya daɗe. Kuma ga tsumman nan da ya naɗa mata. Yaran yanzu ba ka san cikinsu ba."

Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Sufeto ya ɗauka nauyin mutuwar ce, ko kuma dai ya so ya ɗauka haka. Ya jefa goron a baki, ya ji ɗacinsa ya fi na kullum.

Washegari bayan an yi jana'iza ya tafi gidan su mamacin. Ɗaki biyu ne na haya a wani lungu na Ƙofar Gayan, inda Ƙasimu ya ɗauko uwarsa daga ƙauye ya ajiye ta. Sunanta Kande, daddawa take sayarwa. Labarin sata ya riga Sufeto zuwa, don ya ga masu gaisuwar ba su da yawa, kuma wanda ya zo ba ya daɗewa.

Ƙasimu ɗan farinta ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi. Ko yanzu da ya mutu, yaron nan take cewa. Ta ce yaron nan bai taɓa ɗaukar allurar wani ba. Ta ce ita ba ta neman komai a wurin gwamnati, ta saba da babu, amma jiya a bakin famfo wata ta janye bokitinta da ta gan ta. Wannan ne ba za ta iya kwana da shi ba.

Sufeto ya ciro tsumman atamfar ya nuna mata. Ta karɓa ta shafa shi a kan cinyarta.

"Bakin zanena ne. Ni na yaga masa."

"Don me, Inna?"

"Hannunsa bindigar take ci. Kullum ya dawo sai na shafa masa man kaɗe a nan." Ta taɓa ƙaramin yatsanta da wanda ke bi masa. "Ya ce da ba haka take ba. Wai kwanan nan ta koma kamar ba don hannun mutum aka yi ta ba."

"Ya gaya wa wani?"

"Ya ce ya gaya wa babbansu, aka ce masa raki ne."

Sufeto ya yi mata gaisuwa ya fito. A zaure ya tsaya ya daɗe yana gyara hula. Mutum ba ya ba da aikin takalmi ya karɓo wanda zai ci masa ƙafa, balle bindiga. Ransa ya ɓaci, kuma ya san ba Di-fi-o ne ya ɓata shi ba.

Da ya koma ofis ya rufe ƙofa, ya juye buhun a kan tebur. Yanzu da babu tsumma, mariƙin ya fito fili. An sassaƙa shi da kyau, sai dai gajere ne, kuma daga ƙasa ya kumbura ya yi ƙulu, daidai inda yatsu biyu na ƙarshe za su kwanta. Ya sa wuƙar aljihu ya kankare baƙin fentin da ke gindinsa. Sai ga zobe biyu da ɗigo a tsakiya, an ƙona su da ƙarfe mai zafi.

Sufeto ɗan manomi ne, ya tashi yana ganin wannan alama a gindin ƙotar kowace fartanya ta gidansu. Ta gidan maƙeran Ƙofar Kibo ce, kaka da kakanni. Wanda ya yi aikin ya yi ƙoƙarin kwaikwayon Bature har da lamba, amma da ya zo ƙarshe hannu ya yi abin da ya saba, sai ya bi da fenti.

Ya ɗauki wani kofur a bayan Basfa suka nufi Ƙofar Kibo.

Maƙerar cike take, don hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kowane manomi ya tuna fartanyarsa ta mutu. Mamman, babban gidan a yanzu, yana zaune gaban wuta, gumi na bin gemunsa. Ya ga kaki ya yi kamar bai gani ba. Sufeto ma bai yi gaggawa ba, ya samu wani kututture ya zauna, don ƙafafunsa sun gode da hakan.

Yana nan zaune wani baƙauye ya zo karɓar garmar da ya ba da aiki. Mamman ya ciro guda biyu ya ajiye masa a ƙasa, ya ce ya ɗauka. Mutumin ya ɗaga wannan, ya ɗaga waccan, ya sari ƙasa da kowacce, ya rungumi ta biyun. Mamman ya yi dariya ya ce ai da ma ya sani. Ya ce haka ubansa ya koya masa, in an ba ka aiki ka yi biyu, ɗaya yadda baki ya faɗa, ɗaya yadda ka ga hannun mai ita. Wadda aka bari ta tafi kasuwa. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya bar ta hannunsa ya ɗauki ta bakinsa ba.

Sufeto ya bari mutane suka ragu, sannan ya matso ya buɗe buhun.

"Malam Mamman, ka san wannan?"

"Ni fartanya nake yi, ranka ya daɗe, da lauje."

Sufeto ya juya gindin mariƙin ya nuna masa zoben. Mamman ya kalla, ya goge fuska da gefen riga. Sai ya tuna. Ya ce wani yaro ɗan sanda ne ya kawo masa ta gaske ya ce a yi masa irinta, wai ta ado ce, ba za a taɓa harbawa ba. Ya ji an ce ma Allah ya yi masa rasuwa.

"Ka ga hannunsa?"

"Na gani mana."

"Yatsunsa nawa?"

Mamman ya ajiye guduma. Mai zuga ma ya saki zugazugin, wutar ta lafa.

"Na ji ka da kunnena kana cewa biyu kake yi," in ji Sufeto. "Wannan ba ta zuwa kasuwa. Ina 'yar'uwarta?"

Tana ƙarƙashin buhunan gawayi a ƙuryar maƙerar, an naɗe ta da fatar akuya. Kofur ya jawo ta. Kamarsu ɗaya da wadda ta fashe, har karkacewar lambar. Sufeto ya riƙe ta, yatsunsa biyar suka zauna daram.

Mamman ya ce a kai shi duk inda za a kai shi, amma suna kam ba zai faɗa ba, don an sa shi ya dafa uwar maƙera, ƙarfen da suke dukan aiki a kai, ya rantse, kuma maƙeri ba ya wasa da wannan. Ya ce shi dai ya gaya wa mai aikin cewa ƙarfen ba zai ɗauki wuta ba. Sufeto ya ce ya riƙe rantsuwarsa, ba a bukatar sunan. Ya bar kofur ya taho da shi a ƙafa, shi kuma ya hau Basfa da buhu biyu.

Bai nufi ofis kai tsaye ba. Ya tsaya ya yi la'asar a wani masallacin bakin hanya, ya daɗe zaune bayan an sallame. Da akwai wani sufeton da zai miƙa wa buhunan nan ya tafi gida, da ya miƙa. Amma babu, kuma tsohuwa tana can ana janye mata bokiti.

Da ya iso ya ga Kande a gindin dalbejiyar ƙofar ofis, zaune a kan ɗan buhu. Tun da aka yi jana'iza take son zuwa ta ji abin da za a rubuta. Ya gaishe ta ya wuce.

Saje Adamu yana sito yana goge bindigogi da tsumman mai. Sufeto ya shiga ya tura ƙofa, ya shimfiɗa bindigogin biyu a kan benci, mai rai da matacciya. Saje ya dube su, hannunsa ya tsaya da gugar.

"Ɗauki wannan, Saje."

Ya ɗauki mai ran. Babban yatsa da biyun da suka rage masa suka kama, ƙasan mariƙin ya rage fayau, bindigar tana ɗan rawa.

"Yanzu ɗauki waccan."

"Ai ta mutu, ranka ya daɗe."

"Ɗauki dai."

Ya ɗauka. Ƙulun nan ya shige daidai gurbin yatsun da babu, ya cike shi. Ba ta motsa ba ko kaɗan. Saje ya tsaya yana kallon hannunsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Ban san ya yi haka ba," in ji shi a hankali. "Biyu ya ajiye mini. Na ɗaga su, na ji wannan ta fi kama da ta gaske."

"Ba ta fi kama da ita ba. Ta fi dai yi maka daɗi."

Saje ya zauna a kan akwatin harsashi. Bai yi gardama ba, kamar ma ya gaji da riƙon maganar. Ya ce ba sayarwa ya yi ba, tana gida ƙarƙashin gadonsa cikin bargon soja. Ya ce da ita ya shiga yaƙi yana saurayi, tana hannunsa ranar da yatsun suka tafi, ita ta fito da shi daga dajin da abokansa suka kwanta. Bayan shekaru, yana ɗan sanda, sai ga ta cikin tarkacen da soja suka turo, ya gane ta da wani tabo a gindi. Tun ranar yake mata mai kamar jinjira. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse Legas da Fatakwal, ita kaɗai ta san shi tun yana da yatsa goma.

Sai bara aka aiko cewa za a kwashe tsofaffin Siten a kai Kaduna a narke. Shi ya sa ya je wajen Mamman. A lissafinsa jabun za ta kwanta a sito har mota ta zo, a narke ta tare da sauran, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Motar kuwa har yau tana hanya, ita da tayoyin nan. Bindigogi suka yi ƙaranci, sintiri kuma dole a fita da wani abu a kafaɗa.

"Sai na duba cikin yaran, na zaɓi wanda na san ba zai taɓa harbi ba. Yaron nan ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya nemi wani. Wa zai kawo bijimi a ransa?"

Sufeto ya jingina da bango. Tausayi ya ji, da haushi, ya rasa wanda ya fi yawa.

"Duk wannan na ji, Adamu. Ya zo ya ce maka tana ci masa hannu, ka ce raki ne. Wannan ma na ji. Abin da ban gane ba, da ya mutu ka je ka ce wa Mamman ya ce shi ne. Ka zauna ka ba ni goro kana cewa yaran yanzu."

Saje ya sunkuyar da kai.

"Na ga kamar gawa ba ta jin kunya."

"Uwarsa na ji."

Aka tura kofur da wani kurtu gidan Saje, suka dawo da bargon. Siten ta gaske tana ciki tana sheƙi, ko tsatsa ɗaya babu. Di-fi-o ya fito ya duba, ya ce shi da ma tun farko jikinsa ya ba shi, ya koma ciki neman wanda zai buga sabon rahoto. Saje ya miƙa hannu kamar zai taɓa ta, Sufeto ya naɗe bargon ya ba kofur.

Da kansa ya sa masa ankwa, don bai so wani yaro ya yi ba. Za a kai shi babban ofis tare da Mamman, kuma tunda babu mota, sai a ƙafa zuwa bakin titi. Labari ya riga ya fita, mutane sun taru a ƙofa, har da mahauta da matan unguwar.

Da suka zo daidai dalbejiya Sufeto ya tsaya, ya riƙe gwiwar hannun Saje. Ya juyo da shi wajen bishiyar. Saje ya dubi tsohuwar da ke zaune da tsumman atamfa a hannu, ya gane ko wace ce. Ya durƙusa da ƙyar, ankwar tana ƙara.

"Baiwar Allah, ɗanki bai saci komai ba. Ni ne."

Muryarsa ba ta wuce su uku ba. Kande ta dube shi, ta dubi taron da ke bayansa, idonta a bushe.

"Malam, tashi ka faɗa da ƙarfi, ka kuma kama sunansa. Ni ba ni da bakin faɗinsa, ɗan fari ne."

Saje ya miƙe ya juya ga jama'a. Ya ce Ƙasimu ba ɓarawo ba ne. Wani daga baya ya ce ba a ji ba, ya sake faɗa, har muryarsa ta tsage.

Kande ta ninke tsumman ta soke a ƙugu, ta ɗauki buhunta. Wata mata ta fito daga cikin taron ta karɓar mata shi, suka kama hanyar Ƙofar Gayan tare.

Sufeto ya ja hannun abokinsa suka nufi titi. A hanya ya sa hannu a aljihu, ya ji goron da ya saya da safe don su biyu. Ya bar shi a nan.